Motata na mutuwa in ta yi zahi, kwamfuta ta nuna lamba uku, wacce zan bi?

Ɗan Mabera ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Don Allah masu sanin mota ku taimaka min da shawara, al'amarin ga ya dame ni ƙwarai. Motata Corolla ce ta 2004 'yar Amurka, otomatik, shekara shida tana hannuna, da ita nike kai yara makaranta in wuce wurin aiki. Tun da zahi ya shigo cikin watan Maris ta ɗauko wani hali. Da sahe bugu ɗaya take tashi lahiya lau, in ɗauko ta daga Mabera har cikin gari ba komi, amma da rana in ta yi kamar minti 30 ko 40 tana aiki sai kawai ta mutu, ba ta ko girgiza, kamar wani ya kai hannu ya murɗe makulli. In na buga kik tana juyawa da ƙarfi amma ba ta kamawa, sai na buɗe bonet na zauna kamar minti 20 sannan ta tashi kamar ba abin da ya faru.

Ranar Talata ta yi min haka a shataletalen Mai Ruwa da yara uku a baya, sitiyari ya yi tauri birki ya yi tauri, Allah ne kawai ya kiyaye ban hau wani ɗan kabu-kabu ba. Tun rannan ban ƙara sa yara ciki ba.

Bakanikena ya ce famfon mai ne, munka canza. Ta sake. Ya ce filogi, munka canza duka huɗu, anka wanke nozul, ta sake. Jiya na kai anka sa mata kwamfuta, yaron ya fiddo lamba uku na rubuta a takarda: P0335, P0171, P0420. Ya ce in sayi sansan kiran (mai ƙirga juyin injin) da iya filo mita (mai ƙirga iskar da ke shiga injin) da indomi (matatar hayaƙin salansa) duka sabbi, sannan ya goge lambobin wai wutar cek injin ta mutu. Ni kuɗɗin da na riga na kashe sun kusa albashin wata, ba ni iya ƙara sayen abu uku a kan ƙila. Wanne ke kashe motar a cikinsu? Ko duka ne?

Wani abu kuma da ban san ko yana da alaƙa ba, da sanyin sahe silo ɗinta yana ɗan hawa yana sauka kamin ta yi ɗumi, kuma shan mai ya ƙaru.

Direban Illela ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah ƙara tsarewa Malam. Ni dai abin da na sani mota mai mutuwa da zahi mai ne, ko famfon da anka sa maka ba mai kyau ba ne ko ka sha man 'yan bumburutu mai ruwa. In ta mutu ka murɗa makulli ka kasa kunne wajen kujerar baya, in ba ka ji kukan famfo ba to shi ne. Kuma ka daina yawo da tanki a ja, man da ke cikin tanki shi ke sanyaya famfo.

Oga Rewaya ya rubuta:

Salam. Malam sannu da jarrabawa, Allah ya sa iyakar abin kenan. Shekara 19 ina aikin wayar mota a garin ga, irin wagga matsala duk bazara sai ta zo min gareji, don haka bari in yi maka bayani a tsanake ko da zai yi tsawo.

Farko dai kada ka sayi komi tukuna. Lambobin ga uku ba nauyinsu ɗaya ba. P0420 cewa take indomi ba ya tace hayaƙi yadda ya kamata, kusan rabin tsoffin motocin da ke shigo min suna da ita, wasu ma an daɗe da ƙwaƙule indomin. Wagga lamba ba ta kashe mota tana cikin tahiya, in indomi ya toshe abin da za ka gani shi ne mota ta yi nauyi, ka taka totur ta ƙi ja, musamman a hawa. Kai ba ka ce haka ba. Aje ta gehe.

P0335 ita ce abar dubawa. Ma'anarta birenbos, wato kwamfutar da ke cikin motar, ya daina samun saƙon da ke gaya mishi injin na juyawa. Akwai ɗan sansa a gaban injin ƙasa kusa da fulin kiran, shi ke ƙirga haƙoran wani faranti yana aika wa birenbos, da wannan ƙirgar ake sanin lokacin ba da wuta da lokacin fesa mai. In saƙon ya yanke ko na ƙiftawar ido ne birenbos sai ya ɗauka injin ya tsaya, ya yanke wutar kwayil, ya rufe nozul, ya kashe famfon mai. Shi ya sa ka ji kamar an murɗe makulli. Motar da mai ke yanke mata takan yi ta shessheƙa tana ja tana saki kamin ta mutu, taka kuwa lokaci ɗaya take ɗaukewa. Cikin sansan siririyar waya ce anka naɗe, in ta tsufa zahi na buɗa ta ta rabu, in ta huce ta koma ta haɗe, minti 20 ɗin da kake zama a bakin titi kenan.

Ɗan'uwa direba, maganarka ta tanki gaskiya ce amma gwajin kasa kunne ba ya aiki a wagga Corolla. Ita famfonta ba ya tashi don ka murɗa makulli kawai, sai ana buga kik ko injin na juyawa. To ka ga inda ake faɗawa rami, bakanike ya zo motar ta mutu, ya duba ya ga mai bai zuwa, ya ce famfo ne, alhali birenbos ne ya hana famfon wuta don bai ga juyin injin ba. Ina kyautata zaton abin da ya faru da Malam kenan, tsohon famfonka in yana nan ka adana shi.

Sai dai kuma, ka lura da wagga sosai, lambar ba ta ce sansa ya mutu ba. Cewa ta yi saƙo bai iso ba. Tsakanin sansa da birenbos akwai soket akwai waya, kuma wurin yana kusa da bel da baƙin mai da zahi. Na sha cire sansa lahiyayye in tarar waya ce bel ya goge, ko ƙugiyar soket ta karye yana rawa, ko ɓera ya ci. In ka sa sabon sansa a kan yagaggiyar waya kuɗɗinka sun tahi kuma motar na nan yadda take.

Ga abin da nike yi. In bar motar tana aiki a gareji da kwamfuta a jone har ta mutu da kanta, da ma mun san za ta mutu. Nan take in buga kik ina kallon RPM, wato yawan juyin injin a minti ɗaya, a kwamfuta, in kik na juya injin ya kamata ka ga wajen 200, in ka ga 0 injin kuma na juyawa a gabanka to magana ta ƙare, layin sansan ne. Sannan in cire soket in auna sansan da mitar auna wuta tun yana da zahi, in kuma aunawa in ya huce. In da zahi mita ta nuna a yanke, da sanyi ta nuna a haɗe, sansa ne. In duka biyun lahiya, sai in tada motar in riƙa girgiza wayar da hannu a hankali, nesa da bel, in ga ko za ta mutu.

Tambaya biyu gare ka. Lokacin da take mutuwa allurar zahi ina take? Kuma in ka murɗa makulli ba ka tada ba wutar cek injin na kamawa?

Malamin Fasaha ya rubuta:

Oga Rewaya Allah ya saka da alheri, ka gama magana a kan P0335, ba abin da zan ƙara. Ni kan P0171 zan yi magana da kuma gogewar da yaron nan ya yi, don ita ta fi ɓata min rai.

Duk lokacin da birenbos ya kama laifi har ya kunna wutar cek injin, yana ajiye wani hoto na halin da injin ke ciki a daidai lokacin, gudun mota nawa ne, injin na juyi nawa, zafin ruwa nawa, ana ƙara mai ko ana ragewa. Masu sikanin suna ce masa firiz firem. Wannan hoton shi ne shaidar da ta fi kowacce, kuma da an danna gogewa ya tafi tare da lambobin. Haka ma cire kan batir da wasu bakanikai ke yi wai a wartsake mota, duk yana share shi har da abin da birenbos ya koya na daidaita mai. Malam ka yi dabara da ka rubuta lambobin. Nan gaba ka ce a buɗe maka firiz firem ka ɗauka da wayarka kafin kowa ya taɓa komai, motarka ce kuma kuɗinka ka biya.

Yadda ake karanta lambar ba wuya. Harafin P na nufin injin da giya, B jikin mota, C ƙafa da birki, U kuma sadarwa tsakanin kwamfutocin mota. In 0 ta biyo baya ma'anar ɗaya ce a kowace mota, Toyota ko Honda ko Peugeot, in 1 ce to ta kamfanin ce shi kaɗai sai ka nemi ma'anarta da sunan motarka. Lamba ta gaba tana nuna ɓangare, 1 da 2 iska da mai, 3 wuta, 4 hayaƙi, 5 silo da gudu, 7 giya. Ka ga naka kowacce daga ɗakinta ta fito.

P0171 cewa take iska ta yi wa mai yawa, birenbos ya yi ta ƙara mai har ya kai iyakarsa bai daidaita ba. Ba ta ambaci iya filo mita ba ko kaɗan. Abubuwan da ke kawo ta suna da yawa, tiyon iska ya tsage bayan mita, gaskit ɗin manifol ya bushe yana shan iska, mita ta yi datti tana ƙirga ƙasa da abin da ya shiga, ko mai ba ya zuwa da ƙarfi. Kuma a garin nan da muka fito daga ƙurar hunturu kai tsaye muka faɗa zafin da ke wuce digiri 40, roba ba ta da sauƙi, filtar iska ma haka.

Akwai gwaji na minti biyar da ke raba su. A kwamfuta a nemo LTFT da STFT, su ne ke nuna kashi nawa cikin ɗari birenbos ke ƙara mai. Lafiyayyar mota in ka haɗa biyun ba sa wuce 10 sama ko ƙasa. A duba a silo in motar ta yi ɗumi, sannan a taka totur a riƙe RPM a 2500 a sake dubawa. In a silo ya yi sama sosai amma a 2500 ya sauko, to iska ce ke satar hanya, domin ɗan ramin da ke da tasiri a silo ba ya komai in iska mai yawa na shiga. In kuma a silo da sauƙi amma yana hawa in an taka, a dubi mita ko ƙarfin mai. Ƙarfin man injin ɗin nan, 1ZZ-FE, 44 zuwa 50 psi ne, da geji ake aunawa, ba da cire tiyo a ga yana feshi ba.

Tun da ka ce silo na hawa da sauka da sanyin safiya in ta yi ɗumi ya lafa, zuciyata ta fi karkata ga gaskit ɗin manifol, in injin ya ɗumama yakan kumbura ya toshe ramin. Amma a gwada tukuna. In za a wanke mita kuma da feshin da aka yi don ita za a wanke, kar a sa fetur, kar a sa tsinke ko tsumma, wayar ciki siririya ce kamar gashi.

A ganina laifi biyu ne daban a motarka suka haɗu, ɗaya na kashe ta ɗaya na shanye maka mai. Ka fara da mai kashewa.

Ɗan Mabera ya rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai, wallahi yau na fahimci abin da wata biyu ban fahimta ba. Oga allurar zahi tana tsakiya ba ta taɓa hawa ba, kuma wutar cek injin na kamawa in na murɗa makulli. Tsohon famfon na nan cikin but. Malam wagga kwamfutar da ke nuna LTFT dole sai irin babbar nan ta gareji?

Malamin Fasaha ya rubuta:

A'a. Akwai ɗan ƙaramin abu ana ce masa ELM327, bai kai kwalin ashana biyu ba, ana cusa shi a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin dashbod wajen gwiwar direba, ya haɗu da waya ta Bluetooth, sai ka sauke manhajar Torque ko Car Scanner. Lambobin injin da RPM da zafin ruwa da LTFT duk zai nuna maka. Na birki da iyabag ne ba lallai ya gani ba. Kasuwa cike take da na jabu, ka gwada a motarka kafin ka biya, kuma kar ka bar shi a jone in za ka ajiye mota kwanaki don soket ɗin na da wuta ko makulli a kashe.

Maman Ɗalibai ta rubuta:

Assalamu alaikum. Malam Allah ya tsare maka zuri'a, labarin shataletalen nan ya tsaya min a rai don nima ina kai yara daga Arkilla kullum. Ka yi daidai da ka daina sa su har a gyara. Abin da ƙanena ya koya min, in mota ta mutu tana tafiya kar a yi ta famfa birki, taka ɗaya ko biyu ne suka rage masu laushi, a danne da ƙarfi a riƙe, sitiyarin ma yana juyawa sai dai da ƙarfin hannu, kuma kar a zare makulli.

Tambayar Oga kan wutar cek injin ta tuna min tawa. Na sayi mota hannu na biyu shekara biyu ban taɓa ganin wutar nan ba ina ta murna ashe cire ƙwan aka yi kafin a sayar min, ranar da aka sa kwamfuta lamba shida ta fito. Ɗaya daga ciki P0128, ashe an cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa har injin ya yi ɗumi, an haɗa fanka kai tsaye tana ta juyawa tun daga tada mota, wai don zafin Sakkwato. Oga don Allah wannan daidai ne? Don har yanzu wani bakanike na ce min in sake cirewa.

Oga Rewaya ya rubuta:

Hajiya kada ki yarda. Injin an yi shi ne ya yi aiki da ruwa mai zahi wajen digiri 85 zuwa 95, tamostat ɗin Corolla wajen 82 yake fara buɗewa. In an cire shi injin na daɗewa bai kai zahinsa ba, birenbos ya ɗauka har yanzu sahiya ce ya yi ta zuba mai, filogi su yi baƙi, indomi ya lalace. In mota na obahitin a wanke lagireto a duba murfinsa da famfon ruwa da fanka, can laifin yake. Ni kaina da nike yaron gareji mun cire tamostat ba adadi don haka anka koya muna, sai daga baya da kwamfuta ta zo na ga ɓarnar da ido na.

Baba Mai Kayan Gwari ya rubuta:

Yarana ni tawa Corolla ta 1993 ce da nike ɗauko albasa daga Kwalkwalawa, an duba ba ta da wurin sa kwamfutar ga. Mu mi za mu yi?

Oga Rewaya ya rubuta:

Baba barka da ƙoƙari. Soket mai baki 16 daga 1996 ya zama dole a motocin Amurka, na Turai masu fetur kuma daga 2001, taka ta girme shi. Amma in mai injekta ce tana magana ita ma. Cikin bonet akwai ɗan akwati baƙi an rubuta DIAGNOSIS a murfin, a haɗa TE1 da E1 da 'yar waya, a murɗa makulli kada a tada, wutar cek injin za ta riƙa ƙiftawa, a ƙirga. Ƙifta 1, ta dakata, ƙifta 2, lamba 12 kenan. In tana ƙiftawa ba tsayawa bai ɗaya ba laifin da ta riƙe. Ka sa yaro mai ido ya karanta rubutun murfin da kyau kada a haɗa ramin da ba shi ba. In kuma mai kabureta ce to sai kunne da hannu irin na da.

Ɗan Mabera ya rubuta:

Jama'a na dawo da bayani. Ranar Asabar na kai ta wurin wani rewaya a Sahara na karanta mishi abin da Oga ya rubuta, mutumin kirki bai ji haushi ba ya ce a yi hakan. Munka bar ta tana aiki da AC a kunne cikin rana, minti 35 ta mutu. Anka buga kik RPM ya tsaya a 0, P0335 ta dawo ita kaɗai. Ya auna sansan da zahi mita ba ta nuna komi ba, munka yi sallar azahar munka dawo ya sake aunawa ya nuna a haɗe. Wayar lahiya take amma soket ɗin cike da baƙin mai, ya wanke. Na sayi sansa na Beljiyam anka sa, yau kwana biyar, jiya har Bodinga na kai na dawo da tsakar rana ba ta ko yi tari ba. Alhamdu lillahi.

Malamin Fasaha gwajinka ma mun yi. A silo LTFT da STFT sun haɗa 24, da anka riƙe a 2500 sunka sauko 6. Tiyon iska mun lanƙwasa shi ko'ina ba tsaga, don haka rewayan ya ce gaskit ɗin manifol ne kamar yadda ka ce, ƙarshen wata in anka yi albashi zan canza. Iya filo mita ban saya ba, indomi ma ban saya ba. Abin da ya rage min, baƙin man da anka samu a soket daga ina yake zuwa, kuma zan iya ci gaba da hawa da P0171 har ƙarshen wata?

Oga Rewaya ya rubuta:

Masha Allah, barka Malam, na ji daɗi wallahi. Sati biyu cikin gari ba komi, amma kada ka yi doguwar tahiya da kaya kuma in ka ga wutar cek injin ta koma ƙiftawa maimakon tsayawa cak ka faka, wannan misfaya ne, wato mai bai ƙonewa daidai cikin injin, shi ke ƙona indomi. Baƙin man kuwa a wannan injin yawanci daga sama yake gangarowa, ko gaskit ɗin murfin bawul ko zoben robar tenshina na sarƙar taimin, ko kuma sil ɗin fulin kiran. A wanke gefen injin tas ya bushe, ka yi kwana biyu kana hawa, sannan a haska da tocila daga sama zuwa ƙasa a ga inda ya fara jiƙewa. Ranar da za a sa gaskit ɗin manifol ka ce a wanke bakin injekta da bawul ɗin silo tun da an riga an kwance wurin, bayan an ɗaure sannan a goge lambobin, ka yi sati kana hawa a sake duba LTFT ka zo ka gaya muna nawa ya nuna.